Man Fitilar Maigidana

Jikana da ya yi lakwal, wato boko, ya ce mani a birane akwai injiniyoyi masu dafa mai, suna haɗa wannan da wancan har wutar kuran, wato lantarki, ta kama. Na ce masa ai ni na auri irinsu tun Nasara bai zo ba.

Muna zaune a Korgom lokacin. Maigidana ya tafi fatauci Damagaram, ya dawo ba ko turmin zane, sai labari. Wai ya ga fitila gidan wani Balarabe, man cikinta fari fat kamar ruwa, ba hayaƙi. Mu kuwa man gyaɗa muke zubawa a kasko da lagwanin auduga, kuma ba wanda ya taɓa kai loma hanci.

"Ke, ba ni tukwanenki biyu," in ji shi.

"Malam, tuwon fa?"

"Ana maganar haske kina maganar tuwo!"

Ya sa ni fasa ƙwallon aduwa har hannuna ya yi kanta. Ni na soya, ni na daka, ni na matse mai. Shi yana kan buzu yana ba da umarni, don aikin ilimi ba ya son gumi. Ya zuba kanwa a man, ya ƙara farar wuta da ya sayo a kasuwar Urafane, ya kifa tukunya kan tukunya, ya liƙe bakin da laka, ya ɗora bisa murhu.

Da hantsi ya tara maƙwabta su shaida. Tukunya ta shiga gunji. Na ce, "Malam, kukan nan ba na lafiya ba ne." Ya ce haka ta Balarabe take yi, shi da ko murhun Balaraben bai gani ba.

Sai ta fashe. Haske kam an samu, har daga gonaki an gan shi, domin danga ta kama, ta miƙa wa rumfa. Wari ya kori awaki. Maza suka kashe wutar da ƙasa, shi kuma ya tsaya da rabin gemu yana cewa lakar ce ba ta da kyau.

Na yi fushi, amma da na ga yadda hannunsa ya saluɓe, ni na zauna jinyarsa. Da ya warke ya sake danga shi kaɗai. Na ɗauka ya tuba. Ran kasuwa sai na ji shi yana tambayar mai tukwane ko tana da masu kauri.