Maganin da Inna Ta Jira

A shekarun dubu biyu da 'yan kai ni ɗalibin kimiyya ne a jami'a, kuma ni kaɗai na yi boko mai zurfi a gidanmu da ke wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Kaina ya yi girma, abin da na faɗa a gida ya zauna. A lokacin ne likitoci a Kano suka ce mahaifiyata, mai sana'ar gumi, wato turara shinkafa da shanya ta, tana da sankarar mama, a gaggauta yi mata aiki.

Ana cikin haka na karanta a shagon intanet cewa masana na gwada wasu 'yan mitsi-mitsin sinadarai irin na jikin mutum, masu harhaɗa kansu da kansu su zama zare, su kai magani kan ciwon kaɗai. Da na zo hutu na baje wannan labari a tsakar gida, har ina cewa kamar yadda ake buɗe wa fadama guda ruwan kanal na noman rani ne, ba tare da an jiƙa ta maƙwabci ba. Na ce nan gaba ba yanka, ba zubewar gashi. Abin da ban faɗa ba shi ne a kan ɓeraye ake gwajin, nan gaban kuwa Allah kaɗai ya san ranarta. Inna tana juya shinkafa a tabarma, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ni ɗan fari ne. Ba ta kiran sunana, balle ta zaunar da ni ta yi mini tambaya. Ƙanwarta kawai ta gaya wa cewa a ɗaga aikin, akwai maganin da yaron nan ya ce yana tafe. Ni kuma aka ce mini sai an gama girbi, na yarda. Da aka koma asibiti ciwon ya riga ya bazu.

Sau ɗaya ta taɓa tambayata kai tsaye, tana kwance, fuskarta na kallon bango: "Kai, maganin nan naka bai iso ba?"

Har yau wannan tambaya tana ci mini rai. Binciken ba ƙarya ba ne, ina ma roƙon Allah ya sa wasu su amfana. Amma 'yan'uwana masu karatu, in za ku kai wa majiyyaci labari, ku kai shi cikakke, ku faɗi abin da ke hannu da abin da ba ya hannu. Akwai masu sauraronku da kunya ba za ta bar su su tambaya ba.