Injin da Ba Ya Tari

Motar babanmu ta girme ni. Tsohuwar a-kori-kura ce, irin wadda mutanen Tawa ke kira kat-san-kat, kuma da ita yake kwasar 'yan kasuwa zuwa Takanamat tun kafin a yaye ni. A sanina odarta ba ta taɓa aiki ba, ba ta kuma bukata. Injinta tari yake kamar tsoho mai shan taba, tun daga bayan tudu ake jinsa. Saboda haka matan ƙauyukan kan hanya ba sa zaman jira a rana. Sai mace ta ji tarin nan, sannan ta ƙarasa damun furarta, ta ɗaure cukunta na nono, ta kamo kaza, ta fito a tsanake, ta tarar motar ba ta ma iso ba.

Ana nan sai yayanmu ya dawo daga Abijan da tumbi da tausayin iyaye. Ya ce abin kunya ne yana raye ubansa na tuƙa motar da sai an tura. Ya sayo moter, wato injin wata mota 'yar zamani, ya kai gareji. Ni mace ce, ba wanda ya tambaye ni. Aikina kai wa makanikai kunu.

Makanikin ya ce sabon injin ya fi ƙarfin akwatin giyar, wanda su ke ce wa bwat, gara a canza duka. Nan Baba ya kafe.

"Moter ku canza, tunda kun matsa," in ji shi. "Amma bwat ɗin ga, wanda duk yat taɓa ta ban yahe ba."

Hannunsa ne ya saba da ita. Giya ta biyu lallashi take so, ta uku sai an ɗan mare ta, shi kaɗai ya san halinta. Makanikin ya yanka farantin ƙarfe ya haɗa su, yana ƙunƙuni. Ran da ya gama ya ce, "Alhaji, an aura ma tsohuwa saurayi. Ka bi ta sannu."

Inji kam ya yi kyau. Ko numfashinsa ba ka ji. Yayanmu ya sha albarka a bakin maƙwabta, ya koma Abijan da albarkarsa.

Ranar kasuwa ta farko Baba ya dawo tun kafin azahar, bayan mota wayam. Mako mai zuwa ma haka. Ya ce matan sun guje shi, sun koma hawan kabu-kabu. An sa masa sabuwar oda, amma ya ce shi ba zai tsaya ƙofar gidan mutane yana roƙo ba. Ya rage cin abinci. Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ji haushin yayanmu, don hanyar nan ita ce mutuncin Baba. In ba a shiga motarsa, bai san ko shi wane ne ba.

Wata safiya sai ga wata tsohuwa mai sayar da cuku ta yi sallama, fuskarta a jiƙe. Ta'aziyya ta zo yi. Ta shigo zaure ta tarar da mamacin yana yanke farce.

"La ilaha! Alhaji, kana da rai?"

"Wa yac ce na mutu?"

"Shiru munka ji. Munka ce in ba mutuwa ba, mi ka hana mai mota wucewa?"

"Kullum ina wucewa, Inna."

"To, ba mu ji ka ba."

Duk mai hankali zai ce a danna oda, magana ta ƙare. Amma gidanmu ba a nan hankali ya sauka ba. Baba ya gano cewa in ya bar motar a giya ta biyu ya taka mai, sabon injin na iya ihu. Ranar kasuwa na bi shi, don ina da sayen wake. Tun daga fitar gari ya sa ta biyu, ya ƙi ɗagawa. Inji na kururuwa, bwat na kuka a ƙarƙashin ƙafafunmu, ƙauri na tashi. Na ce, "Baba, makaniki fa ya ce sannu." Ya ce makaniki bai san hanya ba.

Muna hawa tudun nan sai muka ji ƙara kamar an kifar da kwandon kwanoni. Sandar giya ta saki a hannunsa, tana lilo. Haƙoran bwat ɗin da suka yi shekaru suna jure masa sun zube. Injin dai bai fasa aiki ba, lafiyarsa lau, motar ce ta tsaya cak. Ba ta sake tafiya ba har yau. Da yayanmu ya ce zai aiko da sabuwar bwat, Baba cewa ya yi a bar shi ya huta.

Amma a ranar, muna zaune cikin ƙauri, sai na hango su. Mata ne ke fitowa daga bukkoki da ƙorai a ka, wata da kaza a hammata, suna tahowa a tsanake kamar yadda suka saba. Baba bai saki sandar ba. Ya dube su, idonsa ya cika.

"Kin gani, ɗiyata," ya ce. "Sun hito."