Mato Gyartai Ya Daina Ciyayya

A Rurum Tsohon Gari, in ka ce Mato kawai, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Mato gyartai, to kowa ya gane. Gyaran ƙwarya ya gada. Katangarmu ɗaya da shi, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Su biyu suke yawo, shi da wansa Ƙasimu. Da an gama girbi sai su rataya jaka, su bi ta Rano, su ratsa Dawaki, su ɓulla Kibiya da rugagen Fulanin da ke bayanta. Tun suna samari aikin a rabe yake. Ƙasimu ne mai baki. Shi zai tsaya a bakin gari ya kwarara kira, "Gyartai ya zo! A fito da fasassun ƙorai!" Shi zai yi ciniki, shi zai tsokani tsofaffi har su ƙara musu da fura. Mato kuwa sai ya nemi gindin bishiya, ya kafa ƙwarya tsakanin gwiwoyinsa, ya huda da basilla, ya bi tsagar da zaren kaba har ta koma riƙe nono. Ƙasimu yana zuba, shi yana "uhm". Mukan ce ba don Ƙasimu ba, da yunwa ta kashe Mato da basillarsa a hannu.

Shekarar sanƙarau, Turawa ba su kai ga tafiya ba tukuna, Ƙasimu ya tashi da safe yana cewa wuyansa ya ƙage. Kafin mu ankara an kai shi makwancinsa. Mato bai yi kuka ba. Ya zauna a tabarma ya karɓi gaisuwa, da aka share makoki ya rataya jakar, don yanzu gida biyu ne a wuyansa.

Shi ya ba ni labarin tafiyarsa ta farko shi kaɗai, a gutsure, don sai ka yi ta tono kafin ka sami magana a bakinsa. Ya isa bakin wani ƙauye, ya tsaya inda Ƙasimu yake tsayawa, ya buɗe baki, kiran ya ƙi fita. Yana nan tsaye har wata mata mai zuwa rijiya ta tambaye shi ko ɓata ya yi. A ruga aka ba shi fura, ya sha rabi, ya miƙa sauran gefensa. Hannun ya daɗe a miƙe kafin ya dawo da shi.

A hankali ya samo tasa dabarar. Ya bar batun kira. In ya isa gari sai ya rataye wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a reshe, ya zauna, mata su hango su fito da nasu. Ya koyi yin salla shi kaɗai a kan falalen dutse, ya koyi tafiya daidai ƙafarsa, ba mai cewa a tsaya, ba mai cewa a yi sauri. Da kwanukan kanti suka fara cika kasuwar Rano, aikin ya ja baya, sai ya riƙa nausawa nesa yana daɗewa. Ranar da aka sami 'yancin kai muna ta shan kiɗa a Rano, shi yana cikin duwatsun bayan Kibiya, sai daga baya wata Bafillatana ta gaya masa. Na taɓa tambayarsa ko akwai daɗi tafiya ba abokin hira. Ya ce ba daɗi, ba kuma wuya, shiru ne kawai.

To, mu a unguwarmu ciyayya muke yi. In an idar da magariba, kowane magidanci ya fito da akushinsa ƙofar gidan liman, Malam Abdulganiyyu, a haɗa, kowa ya ci na kowa. Wanda bai fito ba, ko dai ba shi da lafiya, ko kuwa gaba yake yi da wani. A wurinmu babu dalili na uku.

Wata damina Mato ya dawo, aka fito ciyayya, babu shi. Washegari ma haka. Na leƙa zaurensa na same shi yana cin tuwo, lafiyarsa ƙalau. Na yi sallama, ya amsa, ya ci gaba da kai loma, ko bismilla bai ce mini ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ko baƙon da ba ka sani ba ai ka yi masa tayi.

Sai muka shiga binciken wanda ya ɓata masa rai. Manu, wanda suke iyakar gona, ya tsargu, ya je ya bar masa kunya guda ta gonarsa ba tare da an tambaye shi ba. Mata kuwa suka ce miyar Dije, matar Mato, ita ce yake jin kunyar fitarwa. Wannan magana ta ci Dije. Amma da ta zo wurin mai ɗakina, ba miya ce a bakinta ba. Cewa ta yi an dawo mata da miji amma ba ta gan shi ba, yana zaune a tsakar gida kamar mai jiran ruwa ya ɗauke ya wuce. Ita so take ya dawo cikin mutane. Ita ta aika wa liman.

Liman ya tara mu bayan la'asar.

"Mato," in ji shi, "gaba ba ta halatta tsakanin Musulmi. Faɗi wanda ya ɓata maka, a ba ka haƙuri."

"Allah ya gafarta Malam, babu."

"To me ya hana ka fitowa?"

Mato ya dubi ƙasa. "Mantawa nake yi."

Ba wanda ya yarda. Wa yake manta mutane? Aka ce zurfin ciki ne irin nasa. Liman ya sa muka tashi ɗaya bayan ɗaya muna ba shi hannu muna neman gafara, har Manu da hawayensa. Mato ya yafe mana duka, laifin da ba mu yi ba. Da magariba ya fito da akushinsa, muka ce alhamdu lillahi, an yi sulhu. Dije har man shanu ta zuba a miyar. Ya ci gaba da fitowa kullum har kaka, yana zama a gefen tabarma, in an yi dariya ya ɗan buɗe baki.

Da aka kai hatsi rumbu, wata safiya ina gyaran danga, na jiyo Mato da Dije ta bayan katanga.

"Malam," in ji Dije, "ka haƙura da tafiyar nan bana. Kowa kwano yake saye yanzu. Na san kewar Yaya Ƙasimu ce take cin ka, amma ai ga mu, muna nan."

"Dije, na daina kewarsa tuntuni."

Ina jin da ma ya ce mata kewar ce, da ta san abin da za ta yi wa magani.

"To in kana hanyar," ta ce, "wa kake tunawa?"

Mato ba ya ƙarya, wannan kowa ya shaide shi. Ina jin motsin jakar yana ɗaure bakinta.

"Ba kowa," ya ce. Ba da faɗa ya faɗa ba.

Na ji fitarsa ta zaure. Can sai na ji Dije ta kira 'yarta Barira, ta ce ta rage dawar da za a surfa, daga yau tuwon ya ragu da na mutum ɗaya.