Ƙoƙon Farko na Yayana Istifanus

Wata Asabar dab da Kirsimeti, shekarar da nake aji huɗu a firamare, aka yi gayyar tonon citta a gonarmu da ke bayan layin dogo a Kafanchan. Ni da ƙannena muna kakkaɓe ƙasa daga jikin cittar muna zubawa a kwando, mata kuma suna tafe da tulunan burkutu a ka. Da rana ta take, wani dattijo ya cika ƙoƙo ya miƙa wa yayana Istifanus, wanda bai daɗe da gama sakandare ba, ya ce, "Sha, yau ka yi aikin maza." Ya kurɓa ya yamutsa fuska, kowa ya kwashe da dariya, har da Baba.

Istifanus ne mai kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙan majami'armu, shi ne kuma yake goya ni a keke zuwa makaranta. Da farko sai a gayya ko biki yake sha. Daga baya ranar kasuwa ta shigo ciki, sannan kowace yamma, ƙoƙo ɗaya kuma ya daina isarsa. Ya koma tauna ɗanyar citta kafin ya shigo gida don ya kashe warin. In Mama ta tanka sai ya hau faɗa, shi da a da ba a jin muryarsa. "Ni fa ba mashayi ba ne, ran da na ga dama zan bari," haka yake cewa. Mu kuma muka yarda, muka ce samartaka ce, za ta wuce.

Wata Lahadi ana tsakiyar sujada, makaɗin gangar ya suɓuce masa saboda rawar da hannunsa ke yi. A ranar na gane abin da ke kai shi bayan rumbu kullum da sassafe: sai ya kurɓi ogogoro, giyar nan mai ƙarfi, sannan hannun ke tsayawa. 'Yan ƙungiyar Zumuntar Mata ta majami'armu suka yi ta zuwa addu'a, Fasto ya yi masa magana, amma idanunsa sun riga sun koma ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura. Likita ya ce hanta ta lalace. Muka binne shi bai kai talatin ba.

Yanzu ni malama ce, giya kuma ta koma 'yar leda da yaro zai ɓoye a aljihun wando. In na ji warinta a bakin ɗalibi ba na jira, ranar nake zuwa gidansu. Mama ta tsufa, wani lokaci in tana rabon tuwo takan zuba kwano ɗaya fiye da yawanmu. Ba mai gyara mata.