Muryar Bitrus a Shagon Naman Longsight

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Bitrus, amma har yau in na je unguwar Longsight a Manchester, ƙafata ba ta tsayawa sai a shagon naman Alhaji Sumaila, mutumin Ghana, ko da ba abin da zan saya.

Lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, council, wato ƙaramar hukuma, ta rage ma'aikata, Bitrus na cikin waɗanda aka sallama daga sashen kwamfuta. Sai ya zauna ya rubuta manhajar lura da kaya don ƙananan shaguna. Ni kuwa daga Aston, inda nake zaune, nake bugo waya ina masa faɗa. Kamfanoni sun daina sayar da manhaja, haya suke bayarwa wata-wata, wasu su ba ka kyauta su cika maka ido da talla. Shi sau ɗaya ake biyansa, ya zo ya saka, ya sha shayi, shi ke nan. Wai ba zai iya tsayar wa mutum da ciniki don wata ya ƙare ba. Na ce masa fasto ya kamata ya zama, kasuwa ba tasa ba ce. Bai tara komai ba, kuma har yanzu abin na ba ni haushi.

Da zai dawo ya ga yau ko waƙa sai an biya duk wata kafin a saurara, na san tsaki zai ja. Ina kewar tsakin nan ƙwarai.

Kwamfutar Alhaji ce kaɗai ta rage da manhajarsa. In an kunna ta, muryar Bitrus ce ke cewa, "Barka da asuba, Allah ya kawo kasuwa." Ba ni da muryarsa a ko'ina sai nan. Da na ji ɗan Alhaji ya kawo sabon tsari na haya bana, na hau jirgin ƙasa nan take, don na ɗauka an zubar da tsohuwar.

Na tarar da ita kan kanta, kusa da sikeli. Ɗan nasa yana ta gunaguni, "Baba, it's too slow, wuri kawai take ci."

Alhaji bai kula shi ba, ya dube ni. "Ƙanwata, wancan na haya, ran da ban biya ba za su kashe shi. Wannan kuwa saya na yi. Ba mai kashe mini shi."

Ya goge hannu, ya danna. Yayana ya gaishe mu, ni kuma na amsa masa.