Waken Mama Laraba a Jikin Kwali

Har yau ban manta da Alhamis ɗin da na tuge waken Mama Laraba da hannuna ba. Gara ku ji daga bakina, ku sababbin malamai, kafin wani ya ba ku labarin ya rage mini laifi.

A lokacin ina koyar da kimiyya a aji huɗu, a wata firamare da ke gefen Durumi. Ina mataki na takwas na albashi, shekara shida ba gaba ba baya. A zango na uku manhaja ta ce a koyar da rayuwar tsiro: iri ya tsira, ya yi ganye, ya yi fure, ya yi 'ya'ya, 'ya'yan su sake zama iri. Yadda aka saba, malami ya zana a allo, yara su kwafa, shi ke nan. Ni kuwa da kaifin kaina na ce sai yarana sun taɓa ƙasa. Akwai ɗan fili a bayan ajinmu, muka tsince ledojin ruwa, muka kafce shi, na ce kowa ya zo da iri daga gida.

Yawancinsu waken girki suka ɗebo, wani ma duk ƙwari sun huda shi. Amma wata ɗalibata, Rifkatu, sai ta zo da kakarta. Mama Laraba tsohuwa ce Bagwariya, Hausarta irin ta nan Abuja, mace da namiji duk "ka" ne a wurinta. Ta kwance bakin zaninta ta zuba mini ƙwaya goma sha biyar a tafi. Wake ne ƙanana, ja da ɗigon baƙi, ban taɓa ganin irinsa ba.

Ta ce, "Malama, wannan daga gonan mu ne. Gonan, sun gina gidaje a kai. Inda nake yanzu siminti ne ko'ina. Shi ke nan ya rage, kuma yana tsufa. Ka shuka, yara su koya. In ya bushe ka ba ni iri."

Na ce, "In Allah ya yarda, Mama, sai kin kawo kwano."

Na raba ƙwayoyin, muna shuka kaɗan duk bayan mako biyu, don yara su riƙa ganin ƙarami da babba a lokaci guda. Tara suka tsira. Wallahi ban taɓa jin daɗin koyarwa kamar a makonnin nan ba. Yaran da ko sunansu ba sa iya rubutawa daidai su ne ke auna tsawon kara da tsinken tsintsiya, suna gardama a kan wane ganye ne ya fito jiya. Mama Laraba kuma takan leƙo ta kan katanga in za ta kasuwa, ta duba, ta gyaɗa kai, ta wuce.

Ana cikin haka takarda ta zo cewa sufetoci za su zo ranar Juma'a. Ga wanda bai sani ba, sufeto yana shigowa da fom ne, ya duba rajista, ya duba littafin tsara darasi, ya duba abin da ke manne a bango, ya duba tsabtar harabar. Abin da ya rubuta shi ke shiga fayil ɗinka, kuma fayil ake buɗewa in an zo ƙarin girma.

Ranar Alhamis hedimasta ya zagayo bayan aji. A lokacin manyan shukokin sun fitar da kwanso kore shar, na tsakiya suna fure, ƙananan ba su wuce tsawon hannu ba.

Ya ce, "Malama Hadiza, wa zai tako caɓin nan da takalminsa ya zo ya ga wannan? Tuge su. Ki manna a kwali, mataki-mataki, aji huɗu A da B da C kowa ya samu nasa. Filin kuma a share shi tas."

Na ce, "Oga, saura kamar mako uku su nuna. Irin wata tsohuwa ne."

Ya ce, "Wake ne fa. Ki je kasuwar Gudu ki sayo mata mudu guda." Sannan ya ce, "Shekararki nawa a mataki na takwas?"

Ba zan ɗora masa duka ba. Bai riƙe hannuna ba. Da na ce a bar mini ko guda biyu a jikin katanga, na san zai yi mita ya haƙura. Ban ce ba. Sai na yi wa kaina dabara irin ta 'yan boko: ai kwanson ya riga ya fito, zai ƙarasa bushewa a jikin kwali, in ɓare in ba ta. Ni da nake koyar da darasin nan, ban san ƙwaya ba ta cika sai tana jikin uwarta a ƙasa ba. Ko kuma na sani, na ƙi tunawa.

Bayan an tashi na tuge su duka tara, na wanke saiwoyin, na manna da salatif, na rubuta sunan kowane mataki da jan maka. Kwalayen sun yi kyau, abin haushin ke nan. Sufetocin suka zo su biyu, macen cikinsu ta ɗauki hoto da waya, ta ce a kawo malaman wasu makarantu su gani. Ba su yi minti goma a ajina ba. Rifkatu tana zaune a layin gaba, duk tambayar da aka yi ta san amsa, amma ba ta ɗaga hannu ba ko sau ɗaya.

Damina ce, bango yana jiƙa. Cikin kwana goma kwansunan suka yanƙwane, suka yi baƙi, fumfuna ta cika ƙarƙashin salatif ɗin.

Mama Laraba ta zo ranar wata Talata ana hutun tara. Ta fara zuwa bayan aji ta ga fili fayau, sannan ta shigo. Na miƙe ina ta gaisuwa. Ta wuce ni ta tsaya gaban kwalin. Ta sa farce ta ɓalle kwanso ɗaya, ta murza shi a tafinta. Babu komai ciki sai wasu abubuwa kamar ƙaiƙayi. Ta ɓalle na biyu, ta ɓalle na uku. Ta nemi a kai ta sauran azuzuwan, na raka ta, ta murza kowane ɗaya.

Na ce, "Mama, ki yafe mini. Na sayo miki wake, yana ofis."

Ta ce, "Na ci ne nake nema?"

Ta kakkaɓe hannunta a zani. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Uwana ta ba ni shi. Ita ma uwanta ta ba shi. Yanzu me zan ba wannan?" Ta nuna Rifkatu da haɓa, ta fita. Ba ta zage ni ba, ba ta kai ƙara ofis ba. Na so a ce ta zage ni.

Na yi ta cigiyar waken nan a Karu da ƙauyukan da ke bayanta, ina kwatanta shi wa masu sayar da hatsi. Wasu su ce sun san shi da can, wasu su kawo mini wani daban. Ban same shi ba.

Ƙarin girman ya fito a shekarar da ta biyo. Na karɓi takardar, na shiga aji na rufe ƙofa na yi kuka, don na san da me na saye ta.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. A aikin nan an koya mana mu shirya wa mai zuwa na minti goma, mu manta da masu zuwa kullum. Iyayen yaran nan kuwa ba abin da suka yi rara suke miƙo mana ba, sau da yawa abin da ya rage musu ne. Na koya wa yara sittin matakan rayuwar wake har suka haddace, amma mataki na ƙarshe, inda iri ke komawa hannun mai shi, ni na hana su gani.