Jirgin da Kaka Ba Ya Kama Sunansa

Wata 'yar ƙara ce ta tayar da zancen. Ina kicin ina tsince shinkafa a gidanmu na unguwar Danau Kota, nan ƙasar Malayawa, sai na ji gurrr, sannan ƙwas. Autana ne ya samu ƙwallayen wasansa yana gangaro su a kan ƙarfen da ƙofar gilashin baranda take bi, suna faɗawa bokitin wanki. Hannuna ya tsaya a cikin shinkafar. Rabona da wannan ƙara tun ina yarinya a zauren kakana.

Kaka, mahaifin babana, da samartakarsa ya tafi Ikko fataucin goro, yaƙin Turawa ya same shi a can, aka ɗauke shi aikin wanke-wanke da dafa shayi a wani jirgin ruwan soja. Aikin jirgin, in ji shi, shuka ne. Bam yake shukawa a teku yadda ake shuka gero, a bakin mashigar abokan gaba, ya juyo ya bar su yana jira. Da damina, bayan la'asar, in ruwa ya hana zuwa gona, sai ya kira ni, "Amarya, kawo mini kara biyu da goriba." Ya jera karan dawa a gefen kwarya mai ruwa, ya tsira wa goribar ƙayoyi, ya sake ta ta gangaro ta faɗa. Ya ce haka layin dogo yake a bayan jirginsu, haka bam ɗin yake da ƙahoni. Har yau ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na tabar da yake murzawa a tafin hannu.

Ya ce sun yi ta kai da kawowa har tekun gabas, gaba da ƙasar Indiya. Sau ɗaya jirgin sama ya same su, aka ja su gaɓa aka yi faci, suka koma. Da yaƙi ya ƙare jirgin ya yi jigilar sojoji zuwa gida, daga baya ya ji an sayar da shi an yayyanka.

Amma abin da ya fi so ya ba da shi ne labarin mai sunan. Jirgin sunan mutum yake ɗauke da shi, wani matashin hafsa na wani yaƙi da ya gabata, wanda jirginsa ya fara nutsewa ya ƙi sauka sai da yaransa suka fita duka, ruwa ya tafi da shi. Hotonsa na rataye a ɗakin cin abinci, Kaka ne yake goge gilashin kullum da safe. Kuma bai taɓa faɗar sunan ba. Ya ɗauke shi tamkar uban gida, ya ce wanda ka ci abinci a inuwarsa ba ka kama sunansa gatsau.

Wannan kunyar ce ta ja masa. Baffana, ƙanen babana, ya yi boko kaɗan, shi ya fi kowa tsokana. "Baba, jirgin ƙasa a cikin jirgin ruwa? To faɗi sunan jirgin mana mu ji." Kaka sai ya yi murmushi ya ce, "Mai suna dai." Samari suka laƙaba masa Manomin Teku, in mutum ya shara ƙarya a dandali sai a ce ya yi shuka a ruwa. Na ga ranar da maganar ta iso kunnensa a ƙofar masallaci. Daga ranar bai sake aikena ɗauko kara ba. Ya rasu garin yana masa kallon tsoho mai daɗin baki.

Ni dai ban taɓa shakka ba, sai dai ba ni da abin nunawa. Da Allah ya ba ni namiji na roƙi maigidan aka sa masa sunan Kaka, shi ya sa ban taɓa kiransa da shi ba, Malam Ƙarami nake ce masa.

Ranar nan ta ƙwallaye na ba shi labarin, rabi da Hausa rabi da Turanci, don shi Hausar sai ya ga dama. Ya ce ai makarantarsu ta taɓa kai su gidan tarihin sojoji, kuma ya ga baƙar ƙwallo mai ƙaho. Asabar na zagayowa na ce da maigidan ko makan, wato abinci, ba zan tsaya yi ba sai mun je.

Ga ta nan kuwa a tsakar fili, baƙa, ta kai ƙirjina, da ƙahoninta da sarƙarta. Goribar Kaka ce sak. Na tambayi wani dattijo Bamalaye da ke kula da wurin yadda ake jefa ta. Ya ja mu ciki ya nuna mana wani tsohon hoto na bayan jirgi, ga layin dogo biyu sun miƙe har bakin ruwa, bama-baman a jere a kai. Na ce ko zan ɗauka a waya, ya ce, "Boleh, boleh," wato ba laifi. Bakina ba abin da yake fitarwa sai Alhamdulillahi.

A nan tsaye na kira Baffa ta bidiyo. Ya tsufa yanzu, sai da jikarsa ta kawo masa tabarau. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan layin dogo ne?"

"Shi ne, Baffa."

Ya cire hula ya shafa kai. "Ikon Allah. Turo mini, Juma'a zan nuna a ƙofar masallaci. Allah ya jiƙan tsoho."

Sunan jirgin dai Kaka ya tafi da shi, ban kuma neme shi ba. Yaran yanzu komai sai sun gani a waya kafin su yarda, ni ma ga shi da wayar na wanke kakana. A jirgin ƙasa muna dawowa, wajen tashar Titiwangsa, Malam Ƙarami ya jingina da kafaɗata, ya yi maganar da Hausa tsantsa ba tare da na roƙe shi ba.

"Umma, ashe ni ma kamar jirgin nake. Sunan mutum nake ɗauke da shi, shi ya sa ba kya faɗa."